Bashin Asabar

A garejin kamfanin bas, in ka ce kana neman Ba-Bashi, ko kyanwar da ke kwana a cikin tsofaffin tayoyi za ta nuna maka shi. Dattijo ne siriri, gemu duk furfura, rigar aikinsa kullum a goge har karin gugar na iya yanka maka yatsa. Sunan kuwa shi ya jawo wa kansa. Mai shayin bakin ƙofa ya kuskura ya ce masa, "Bar shi sai gobe, Baba," sai ka ga ya zabura kamar an ɗora masa garwashi. "A'a! Ni ba bashi."

Shekara talatin da ɗoriya yana murza sitiyari, bai taɓa cin rancen ofis ba, bai taɓa ɗauko firji a kan a biya kaɗan-kaɗan ba. Kuma ba wai yana da shi ba ne. Albashin nan tun bai shigo ba an riga an yi masa layi: ƙanensa da kuɗin haya, 'yar yayarsa da kuɗin makaranta, surukarsa da maganin hawan jini, ga jikoki da ba sa gaisuwa sai hannu a buɗe. Ya raba, ya ɗaure cikinsa da abin da ya saura. Burinsa ɗaya a duniya: ranar da zai ajiye makullin bas ya yi ritaya, ya fita ƙofar garejin nan babu mahalukin da zai ce masa, "Tsaya, ina bin ka."

To amma akwai wani bashi da ba na kuɗi ba, kuma a nan ne dattijon ya nutse har wuya.

Direbobin garejin suna da wani tsari tsakaninsu. In uzuri ya taso maka ranar aiki, sai ka sami wanda yake hutu ka ce, "Riƙe mini Talata." Ya ja motarka, kai kuma wata rana ka riƙe masa. Doka ɗaya ce: rana da rana ake biya. Wanda ya zaro kuɗi ya ce zai biya ranar mutum da su, ya yi zagi, sai ya shekara ana yi masa kallon banza. Ba-Bashi kuwa shi ne motar asibitin dangi, shi ne alƙalinsu, shi ne mai zuwa belin wanda aka kama. Kowa ya yi tari sai a kira shi. Haka ya yi ta aron ranaku har kusan babu direban da bai taɓa riƙe masa ba.

Da ritaya ta matso sai ya tashi haiƙan. Duk ranar hutunsa ya mayar da ita ta biya. Yau motar wannan, gobe ta wancan. Matarsa ta ce, "Malam, ni fa na fara manta kamanninka da rana. In na gamu da kai a kasuwa sai in gaishe ka in wuce."

"Ki yi haƙuri, Maman yara. An kusa. Daga Litinin sai kin kore ni da tsintsiya."

Ya biya kowa. Saura mutum ɗaya, Mai Hon, wani ƙato mai dariya kamar tsawa, wanda ko akuya ya gani a hanya sai ya danna mata hon ya gaishe ta. Shi kuwa ya ƙi karɓar ranarsa. Kullum sai ya ce, "Bari dai sai na buƙata." Abin nan ya hana Ba-Bashi sakat. A satinsa na ƙarshe ya tare shi a teburin mai shayi, gaban kowa da kowa.

"Kai, Mai Hon, so kake in tafi da kayanka a kaina? Litinin zan ajiye makulli. Ka karɓi ranarka!"

"Yaya, na yafe."

"Ka yafe wa wa? Ni almajiri ne? Zaɓi rana. Ko wacce ce. Wallahi ko ranar da ake wankan gawata ce, sai na tashi na ja maka motar nan na dawo na kwanta."

Aka kwashe da dariya, mai shayi har yana zubar da madara. Mai Hon ya sosa ƙeya.

"To tunda ka rantse. Asabar. Yaron nan nawa zai tafi karatu waje, jirginsa Asabar zai tashi. Da na haƙura da rakiyar, don ban ga mai riƙe mini ba."

Asabar ce kaɗai ranar hutun da ta rage wa Ba-Bashi. Ya buga tebur. "An gama! Je ka yanki tikiti."

Ya koma gida da yamma yana tafiya kamar wanda aka sauke wa buhun siminti. A tsakar ɗaki ya tarar da Auta, ƙaramar 'yarsa, malamar firamare, ta naɗe wuyanta da gyale kamar yadda ta saba tun da ƙarin nan ya fito mata a maƙogwaro. Kuɗin tiyatar ya riga ya biya tun watan jiya, daga abin da ya daɗe yana tarawa, bai ari ko kwabo ba. Rana kawai ake jira.

"Baba, sannu da zuwa. Likita ya kira. Wani ya fasa, an ba ni wurinsa."

"Madalla! Yaushe?"

"Asabar da safe."

Takalmi ɗaya ya cire. Ɗayan ya tsaya da shi a ƙafa, igiyar a hannunsa.

"Asabar... wannan?"

"Ai ranar hutunka ce. Na duba kafin in amsa musu." Ta yi murmushi, amma hannunta na kan gyalen yana murza bakinsa. "Baba, allurar barcin nan nake tsoro. An ce mutum yana ƙirga sai kawai ya ɓace. Ina so kafin in ɓace in san kana bakin ƙofa."

"Ai Mamanki za ta je. Ga yayyenki. Kuma kuɗin duk na biya, ko na maganin bayan—"

"Ban tambaye ka kuɗi ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga ma da ya fi masa sauƙi.

"Da na karye a hannu ina aji uku, ambulan ɗin kuɗi ka aiko da shi. Da aka kwantar da ni da zazzaɓin nan mai tsanani, ambulan. Kana can wajen Kawu da rigimar filinsa. Ban taɓa cewa komai ba, na san kai ɗaya ne mu kuma muna da yawa. Amma ambulan ba ya riƙe hannun mutum, Baba."

Maman yara ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. Kallo ɗaya ta yi masa ta gane. Shekarun nan ba a banza ta yi su ba.

"Malam. Kar ka ce mini ka ba da Asabar ɗin."

"Wa ya ce? Na ce haka? Zan je mana. Ina zan fasa?"

Ya cire ɗaya takalmin, ya ajiye shi a kan tebur kusa da kwanon abinci, bai ma sani ba.

Washegari bas ɗin Ba-Bashi, wanda mutane ke saita agogo da shi, ya wuce tashar kasuwa da fasinja suna ihu. Kwandastarsa, wata mata mai baki kamar reza, ta buga jikin mota.

"Baba! Ritayar ta fara ne tun yau? Tsohuwar nan fa da kajinta za ka kai ta gidanku?"

Ya taka birki har kajin suka yi magana. Zufa ta jiƙa masa ƙwalar riga. Lissafi yake ta yi yana rushewa. In ya je asibiti, ya karya rantsuwar da ya yi gaban garejin duka, Mai Hon ya rasa rakiyar ɗansa, shi kuma ya fita da bashin da babu sauran ranar biyansa. In ya ja mota, Auta za ta ɗaga kai a kan gadon tiyata ta ga ƙofa babu kowa. Ya juya ta nan, ya juya ta can, kamar mai neman fakin a wurin da ba ya cin mota.

Da rana ya nufi Mai Hon, ya shirya maganarsa tsaf. Ya same shi a bayan gareji ya baje wani sabon takalmi a kan bonet yana nuna wa makanikai.

"Yaya, zo ka gani! Na filin jirgi ne. Kar yaron ya ce ubansa ya zo masa da silifas. Tikitin motar zuwa can ma na yanka, ni da uwarsa, zuwa da dawowa. Tun jiya take kuka tana sa maka albarka. Lafiya na gan ka haka? Ko akwai magana?"

Ba-Bashi ya kalli takalmin. Yana ƙyalli har yana ganin furfurarsa a ciki.

"Babu. Ya yi kyau. Ka sa safa, sabon takalmi yana cizo."

Ya wuce ofishin babban direba, ya tambaya kamar ba komai, wai su wa ke hutu ran Asabar. Babban direba ya ɗaga kai daga wayarsa.

"Asabar ai kasuwa ce, kowa yana kan hanya. Kai ne, sai Ɗan Rance."



Ɗan Rance! A duk garejin babu wanda ba ya bin sa bashi. Mai shayi na bin sa, mai faci na bin sa, an ce har mai gadin ƙofa ya taɓa ara masa kuɗin mota, shi da yake direba. In wayarsa ta yi ƙara sai ya kalle ta ya ce, "Ba na nan," ya mayar aljihu. Kuma babu wanda ya kai Ba-Bashi yi masa wa'azi. Shekara da shekaru yana nuna shi ga sababbin direbobi kamar allon gargaɗi a kan hanya: "Kun ga wannan? Kar ku zama shi." Shi ne mutum ɗaya tak da bai taɓa neman aron rana a wurinsa ba, don ya ce ko ruwan sha ba zai haɗa da shi ba.

Kwana ya yi yana juyi. Ranar Juma'a, da ya ga babu sauran ƙofa, ya zare kuɗin da ya ware don ɗinka kayan da zai sa ranar sallamarsa, ya zuba a ambulan. Ya san doka sarai. Amma ya ce a ransa, mutumin da ake bi ko'ina ai ba zai ga kuɗi ya tuna doka ba.

Ya sami Ɗan Rance bayan an tashi, a wurin wankin mota, ya naɗe wando yana wanke tabarmar ƙafa yana waƙa.

"Sannu da aiki."

Ɗan Rance ya waiga hagu, ya waiga dama, ya leƙa ƙarƙashin mota.

"Da ni kake, Baba? Yau wa'azin da gaisuwa zai fara?"

"Magana ce da ni. Gobe... motar Mai Hon. Ina so ka ja ta." Ya miƙa ambulan a ɓoye, kamar mai sayar da kayan sata. "Ga wannan. Ya fi kuɗin yini biyu."

Ɗan Rance ya kashe famfo. Ya goge hannu a riga, ya karɓi ambulan ɗin, ya auna nauyinsa a tafin hannu, har ya shinshina shi. Sai ya cusa shi a aljihun rigar Ba-Bashi ya daddanna.

"Baba, kai da kanka? Kai da ka koya mana rana da rana ake biya? Ni ka raina kenan."

"Ba raini ba ne. Litinin zan tafi. Ba ni da ranar da zan biya ka."

"Ban da haka ma, in na karɓi wannan, kafin in kai bakin ƙofa mai shayi ya ji ƙamshinsa. Ko gida ba zai kai ba. Me ya faru goben?"

Dattijon ya kalli ƙasa. Ruwan sabulu na bi ta ƙarƙashin takalminsa.

"Auta ce. Za a yi mata aiki a wuya."

"Malamar? Wadda ta koya wa 'yan biyuna karatu?" Fuskar Ɗan Rance ta canja, amma na ɗan lokaci. Sai idonsa ya fara ƙyalli irin na yaron da ya tsinci ƙwallo. "Zan ja. Amma aro ne. Ka faɗa da bakinka."

"In faɗi me?"

"Yadda kowa yake faɗa."

"Na ce maka ba zan iya biya ba! Ina zan samo ranar?"

"To ai shi ne daɗin abin! Baba, ka san tun da uwata ta haife ni ban taɓa bin kowa bashi ba? Ko na allura. Kullum ni ake nema. Ina so in ji yadda ake ji. In hango mutum daga nesa in yi gyaran murya, shi kuma gabansa ya faɗi. Kuma a ce wanda nake bi ɗin kai ne? Wallahi ko fanshonka duka ka ba ni ban sayar ba."

Ba-Bashi ya dube shi sama da ƙasa. Shekara talatin da ɗoriya yana gina abu ɗaya, bulo bisa bulo, ga shi saura taku kaɗan ya fita da shi lafiya, wannan ɗan iskan mai naɗaɗɗen wando yana so ya zare na ƙasan. Ya juya zai tafi. Ya yi taku biyu. Sai ya tuna hannun Auta yana murza bakin gyale.

Ya dawo. Muryarsa ta fito kamar tsohuwar ƙofa.

"Riƙe mini Asabar."

"Famfon nan ya toshe mini kunne."

"Famfon a kashe yake!"

"To tsufa ne ya fara kama ni."

"Riƙe mini Asabar, don Allah."

"Na riƙe, Baba." Ya kunna famfonsa. "A gaishe da Malama. Ka ce baban 'yan biyu yana yi mata addu'a."

Da safe barandar asibitin sai warin magani da ƙarar tayoyin gado. An sa wa Auta wata riga mai ɗaurin baya da hular leda, ta koma ƙarama kamar 'yar aji ukun nan. Maman yara na gefe tana jan carbi, yayyen suna ta amsa waya. Da nas ta zo tura gadon, Auta ba ta kalli kowa ba sai shi. Ya kama hannunta. Sanyi ƙalau. Ya bi gadon yana riƙe da shi har inda aka ja jan layi a ƙasa.

"Baba, nan ne iyakarku," in ji nas.

"Ina nan bakin ƙofar nan," ya ce wa Auta. "Ko fitsari ba zan je ba."

Ta yi 'yar dariya, ƙofa ta rufe.

Bai zauna ba. Aka nuna masa benci ya ƙi. Duk wanda ya fito da farar riga sai ya bi shi da ido. Ya kalli agogo, ya ga yanzu motar Mai Hon ta kai gada, sai wani tunanin ya sake kama shi: in Ɗan Rance ya makara fa? In ya hango mai bin sa a tasha ya ƙi tsayawa? In ya goga motar mutane, sunan wa za a kira? Ya zaro waya zai kira, ya tuna mutumin ba ya ɗauka. Ya mayar. Ya koma kallon ƙofa. Wani ɗan haske ja ne a samanta, ya zuba masa ido har hawaye suka taru, ya ce wa Maman yara fankar ce take hura masa ido. Babu fanka a wurin.

Rana ta take sosai kafin likita ya fito yana cire abin hanci. An cire ƙarin, in ji shi, komai ya tafi daidai, sai dai kar ta yi magana tukuna.

Da aka turo ta, wuya duk bandeji, ido a lumshe, ta buɗe su da ƙyar tana lalube. Ya matso da fuskarsa. Ta gan shi. Ta ɗaga yatsa ɗaya ta taɓa aljihun rigarsa, inda ambulan ɗin jiya yake har yanzu ya yi tudu, ta girgiza kai a hankali.

"Ba naki ba ne," ya ce. "Na tela ne. Ke dai kwanta."

Ranar Litinin aka jera kujeru a gareji, aka kawo lemo. Ba-Bashi ya zo da tsohuwar rigarsa, a goge. Mai Hon ya dawo yana ɗingishi, takalmin ya cije shi, yana ta nuna hoton ɗansa a waya. Manaja ya tashi ya yi jawabi, ya ce ga mutumin da ya kamata matasa su yi koyi da shi, zai bar kamfanin nan babu wanda yake bin sa ko ƙwayar zarra.

Daga can baya, kusa da tayoyin kyanwa, aka yi gyaran murya. Doguwa, mai daɗi, irin wadda aka kwana ana gwadawa.

Gaban Ba-Bashi ya faɗi, daidai yadda aka yi masa alkawari. Ya miƙe da makullin a hannu.

"Ranka ya daɗe, a gyara. Ana bi na Asabar ɗaya."

"Wa?" in ji manaja.

Ɗan Rance ya tashi tsaye, ya gyara ƙwala, ya ɗaga hannu yana juyawa kowa ya gan shi. Garejin ya kaure. Mai shayi ya riƙe ciki, kwandasta ta zauna a ƙasa.

A bakin ƙofa Ɗan Rance ya cim wa Ba-Bashi, ya saƙalo hannunsa kamar tsohon aboki.

"Baba, kar ka damu, ni ba mai matsa wa mutane ba ne. A yanka-yanka zan karɓa. Ran Laraba 'yan biyu suna tashi daga makaranta da wuri, uwarsu tana wurin aiki, ni ina hanya. Awa ɗaya ce kawai."

"In na ɗauko su sau nawa bashin zai ƙare?"

"Wa yake ƙirgawa?"

"Ni! Ni nake ƙirgawa!"

"To ka yi ta yi." Wayar Ɗan Rance ta yi ƙara, ya kalle ta, ya ce ba ya nan.

Ba-Bashi ya tsaya a bakin titi, aljihu babu makulli, yana jiran bas kamar kowa. Asibiti zai koma, yau aka ce Auta za ta fara shan ruwa. Bas ɗin ya taho yana danna hon tun daga kwana. Kafin ya hau ya waiwayo ya ɗaga murya.

"Kai! Wace ƙofar makarantar suke fitowa, ta gaba ko ta baya?"